Ciwon Ƙirji da Faɗuwar Gaba: Zuciya Ce, Ko Fargaba?



Jawabin wannan wata a kan wani ciwo ne da ya yawaita a ƙauyuka, amma ba a cika kiran sunansa ba. A ɗauki misalin magidanci a ƙasar Bichi ko Dambatta. Yana kwance tsakar dare, ba abin da ya taɓa shi. Sai ya farka gabansa na faɗuwa. Ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ɗora masa buhun gero. Zuciya tana bugawa da ƙarfi, numfashi yana sarƙewa, gumi yana keto masa. Yatsunsa suna zogi kamar ana tsira masa allura. Ya tashi iyali, ya fara wasiyya. Kafin a samo mai babur da zai kai shi asibiti, abin ya lafa. Gari na wayewa ya ɗauki fartanya ya tafi gona.

Bayan kwana goma abin ya dawo. Wani ya ce iska ce. Wani ya ce sammu ne daga wajen 'yan uba. Wani kuma ya ce ciwon zuciya ne, sai haƙuri. Aka sayar da akuya, aka sayar da tunkiya, ciwo yana nan.

Sau da yawa irin wannan mutum zuciyarsa lafiya lau take. Abin da ke damunsa likitoci suna kiransa ciwon fargaba. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, ba kuma hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a duniya. Mata sun fi maza yawa a cikinsu. Kuma a cikin mutum 4 masu bukatar magani, kusan 1 ne kaɗai yake samu.

To, yaya tsoro zai sa ƙirji ciwo?

Allah ya halicci jikin mutum da shirin tsere wa haɗari. Idan manomi ya taka kububuwa a kunya, nan take jiki zai zuba wani sinadari a cikin jini, sunansa adiranalin. Zuciya ta ƙara sauri don ta tura jini ƙafafu. Numfashi ya ƙaru. Naman jiki ya ɗaure don gudu. Wannan rahama ce. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mai ciwon fargaba shi ne wanda tsoron daji ya biyo shi har ɗaka. Jikinsa yana yin shirin gudu alhali babu maciji.

Naman da ke tsakanin haƙarƙari idan ya daɗe a ɗaure yana ciwo, kamar yadda dantse yake ciwo bayan huɗa. Numfashi da sauri-sauri kuma yana fitar da wata iska daga jini fiye da kima. Ita ce ke kawo jiri da zogin yatsu da na leɓe. Da mutum ya ji haka sai ya ce mutuwa ce ta zo. Tsoro ya ƙaru, zuciya ta ƙara gudu, ciwo ya ƙaru. Haka abin yake ciyar da kansa. Yawanci yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka.

Akwai kuma wanda nasa ba ya zuwa farat ɗaya. Shi kullum cikin zullumi yake, wata da watanni. Barci ba ya zuwa, abinci ba daɗi, ƙaramin abu ya yi faɗa. Dalilan zullumi kuwa ba sa wuyar samu a wannan yanki. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki da yawa ne suka raba ta. Kuɗin taki, bashin da za a biya da kaka, rumbu ya yi ƙasa tun bazara, ga 'ya ta isa aure babu kayan ɗaki. Mace kuma ga zaman kishi, ga miji ya tafi cin rani ba aike. Kowa yana da irin wannan damuwa. Ta zama ciwo ne idan ta ƙi tafiya, ta hana mutum noma ko kasuwa ko shiga jama'a.

Amma a yi hattara a nan. Kada wanda ya ji wannan jawabi ya yanke wa kansa hukunci. Ba kowane ciwon ƙirji ne fargaba ba. Idan ciwon yana danne ƙirji, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka idan ciwon yana tashi lokacin aiki ko tafiya, ya lafa idan an huta. Haka ga mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da wanda ya manyanta, da wanda ya suma. Tari da ya wuce mako 2 tare da rama, a je a duba tarin fuka. Gwaji da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware.

Sai maganar masu jego, wadda ta fi kowace muhimmanci. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Sun yi nuni da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce mata tunani ne ko kewar gida. A kai ta babban asibiti ranar.

Wanda ya je asibitin Bichi ko na Dambatta, ko ɗakin shan magani mafi kusa, za a auna jininsa, a saurari ƙirjinsa. Wataƙila a duba ƙarancin jini, ko maƙoƙo, ko gyambon ciki, don su ma suna kawo faɗuwar gaba ko zafin ƙirji. Idan da bukata a tura shi Kano a yi masa awon zuciya da na'ura. Awon ba ya zafi, wayoyi ne ake manna wa a ƙirji na 'yan mintoci.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Likita ya ce ba a ga komai ba, sai mutum ya fito ransa a ɓace. Ya ce ai dama ba ciwon asibiti ba ne. Alhali rabin aiki ne aka yi. An tabbatar zuciya lafiya, saura a yi maganin fargabar. Ya kamata mara lafiya ya buɗe baki ya faɗi sauran: rashin barci, tsoron mutuwa, tunanin da ke cinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin lafiya ba ya duba, abin da aka gaya masa da shi yake aiki.

Tun shekarar 1991 manufar gwamnatin Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin kiwon lafiya na matakin farko. Gaskiya ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da wanda ya ƙware a kai ba. Amma suna iya rubuta takardar turawa. Akwai ƙwararru a asibitin Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, akwai kuma sashe na musamman a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sunan Dawanau kaɗai yana sa wasu su ja da baya, kada a ce sun haukace, kada auren 'ya'yansu ya lalace. Wannan kunya ta cuci mutane da yawa. Mai fargaba yawanci ba a kwantar da shi. Ya ga likita, ya karɓi magani, ya koma gida ranar. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare mutuncin mai neman irin wannan magani.

Maganin iri biyu ne. Akwai na zantawa, inda ƙwararre zai zauna da mutum sau da dama. Zai koya masa gane tunanin da ke tayar da tsoro, da yadda zai koma kasuwa ko masallacin da ya daina zuwa, a hankali a hankali. Akwai kuma ƙwaya da ake sha kullum. Ita ba kamar maganin ciwon kai ba ce. Takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi. Kada a yar da ita a kwana uku, kada kuma a daina farat ɗaya ba da sanin likita ba. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana su.

Abin gudu shi ne ƙwayar barci ta kemis, irin su Valium, da tiramol. Suna kwantar da hankali yau, gobe jiki ya saba, tsoro ya dawo ya fi na da. Maganin tari mai kodin haka ya yi wa matasa da matan aure, har gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Goro da shayi mai kauri da kofi su ma suna sa zuciya gudu. Mai faɗuwar gaba ya rage su, musamman daga la'asar.

Idan abin ya taso wa wanda likita ya riga ya duba, kada a taru a kansa ana salati da kuka. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi masa magana a natse. Ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga 4, ya fitar ta baki a hankali yana ƙirga 6, ya yi ta maimaitawa. Idan ciwon ya sake kama, ko ya ƙi sauka, a tafi asibiti. Wanda kuma ya fara cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar.

Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi. Duk ranar da abin ya zo ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda yake, da tsawon da ya ɗauka. Ranar zuwa asibiti ya tafi da littafin, da kwalayen duk magungunan da ya sha, har da na gargajiya. Mace ta tafi da mijinta ko wata 'yar'uwa da ta ga yadda abin yake yi mata.