Tsohuwar Mota Mai Amana ko Sabuwar Ƙarama?



Sa'ad da aka ba mu wannan batu don mu yi magana a kansa, mun ji wasu suna gunaguni, suna cewa ina ruwan ɗalibi da zancen mota, alhali kuwa da ƙyar yake haɗa kuɗin littafi da na abinci. Da gaskiyarsu. Amma fa nan da shekara biyu ko uku, yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure za su fara karɓar albashi, kuma mun lura cewa babban bashin farko da ma'aikaci yakan jefa kansa a ciki, in ba na aure ba ne, to, na mota ne. Gara mu tattauna shi yanzu, tun takardar banki ba ta iso gabanmu ba.

Ga yadda maganar take. Mutum yana da tsohuwar mota, ko ya saya da guminsa, ko mahaifinsa ko wansa ya bar masa. Corolla ce, ko Honda Accord, ko Golf, ta shekara 15 ko 20 a duniya. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi, ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Laifinta dai shi ne tana shan mai, fenti ya koɗe, kujeru sun fara yagewa, abokan aiki kuma sun sa mata suna. Sai ga wata sabuwa 'yar ƙarama a shagon dillalai, irin su Kia Picanto ko Hyundai i10 ko Suzuki Alto, ko ledar kujerunta ba a cire ba, an kuma gaya masa mai kaɗan take sha. Ya sayar da tsohuwar ya ciko ya ɗauki sabuwar, ko kuwa ya haƙura?

Ba yau aka fara wannan tambaya ba. A 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana wa Amurka mai, farashi ya tashi, Amurkawa da suka saba da manyan motoci suka koma sayen ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic, wadda ta fito a 1972. Mu kuwa a nan akasin haka aka yi, domin tsadar man arziki ta zamar mana. A 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, a shekarar ce kuma aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko. Ƙaramin ma'aikaci a lokacin yana iya karɓar rancen mota ya sayi sabuwa dal. Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta zama motar gwamnati da ta haya da ta gida, har aka shiga shekarun 2000 ana haɗa ta a Kaduna, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Da aka karya darajar naira a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwa ta koma ta motocin Kwatano. Abin da ya sake tayar da maganar a zamaninmu shi ne janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Wanda ya tsaya a gidan mai ya ga rabin albashinsa ya shige tanki, ba za a ga laifinsa ba in ya fara mafarkin ƙaramar mota.

To, amma mafarki dabam, lissafi dabam. Bari mu ɗauki alƙalami. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai, kowa ya cire namu ya sa nasa. Mu ƙaddara ma'aikaci yana tafiyar kilomita 12,000 a shekara, watau zuwa ofis da komowa, da kai yara makaranta, da zuwa gida lokacin Salla. Tsohuwar motarsa tana cin kilomita 10 da lita guda, saboda haka za ta sha lita 1,200. Sabuwar tana cin kilomita 16 da lita guda, za ta sha lita 750. Bambancin lita 450 ke nan. In lita tana naira 1,000, abin da ya rage masa a aljihu naira 450,000 ne a shekara. Kuɗi ne, ba mu raina ba. Yanzu mu ƙaddara sabuwar tana naira miliyan 20, ya sayar da tasa miliyan 5, saura ciko miliyan 15. Ku raba miliyan 15 da 450,000. Shekara 33 da ɗoriya za a yi kafin rarar mai ta biya wannan ciko. Wanda ya kama aiki bana, sai yana dab da ritaya zai ce ya mai da kuɗinsa, motar kuwa ta daɗe da zama ɗakin kaji.

Wani zai ce mun manta da gyara. Ba mu manta ba. Tsohuwar mota tana da ciwon yau da na gobe: yau kuloci, gobe lagireto, jibi shokasoba. Mu ɗora mata naira 600,000 a shekara fiye da abin da sabuwar za ta ci a gareji, kuma mun yi mata tsanani. Jimlar rara ta zama naira 1,050,000, shekarun biya suka sauko zuwa 14. Har yanzu dai da nisa.

Kuma duk wannan in da kuɗin a hannu ne. Wane ƙaramin ma'aikaci ne yake da miliyan 15 a ajiye? Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Mai irin wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya kusa shekara 18 yana tarawa. Saura rance. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa bisa al'ada sama da wannan ma'auni suke ba wa ɗaiɗaikun mutane. In aka ce kashi 30 a kan miliyan 15, ruwan shekarar farko kaɗai zai doshi miliyan 4.5, watau ninki goma na abin da mai ya rage masa. Waɗanda ke ƙyamar ruwa su bi ta bankin da ba ya mu'amala da shi, su ma ribar da aka ɗora a kan farashin tana nan a cikin takarda, sai a karanta ta da kyau kafin a sa hannu. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita.

Akwai wani ruɗi da ya kamata mu yi hattara da shi. Za ku ji mutum yana cewa mota a ƙasar nan ba ta faɗuwa, domin ya sayi tasa miliyan 3, bayan shekara huɗu aka taya ta miliyan 6. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta rage. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayu 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ya je da miliyan 6 ɗin kasuwa ya gani ko zai sami irin wadda ya sayar.

Sai maganar da ba ta shiga lissafin banki, amma duk mai mota ya san ta, watau bakanike da kayan gyara. Tsohuwar Corolla ko Golf, duk garin da ta tsaya, ko ƙauye ne, za a sami yaro a gindin bishiya wanda ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Kayanta kuwa suna nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sababbi da na hannu. Sabuwar motar zamani kwamfuta ke tafiyar da injinta. In fitilar gargaɗi ta kama, sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta, kuma garantin da aka ba ka yakan zo da sharaɗin cewa a garejin dillalin za ka riƙa yin sabis. Ma'aikacin da aka tura wata ƙaramar hukuma mai nisan kilomita 200 daga babban birni, ya tambayi kansa sau nawa zai iya wannan zirga-zirga. Ga kuma gurɓataccen mai da akan ci karo da shi a bakin hanya, wanda tsohon inji yakan haɗiye ya yi tari ya wuce, sabo kuwa ba lalle ya yafe ba.

Mu kuma dubi irin zamanmu. An ƙera waɗannan ƙananan motoci ne domin mutum huɗu ko biyar da 'yar jaka, a kan kwalta mai santsi. Mu kuwa in za mu gida, da uwargida da yara da ƙanen matar da ya zo hutu, in za mu komo kuma ga buhun masara da na gero da ragon da Baffa ya bayar. Injin da bai wuce lita 1 ko 1.2 ba, in aka labta masa wannan kaya aka kunna na'urar sanyi a zafin watan Afrilu, alkawarin kilomita 16 ya tashi. Cikinta kuma kusa da ƙasa yake, hanyar ƙauye da damina ba ta san sabuwa ba.

Kada a ɗauka mun zo yi wa tsohuwar mota kirari ne. Ko da yake da tsohuwar zuma ake magani, ba kowace tsohuwa ce zuma ba. Akwai hujja mai ƙarfi ta canji, kuma ba ta mai ba ce, ta rai ce. Motocin da aka ƙera shekaru 25 ko 30 da suka wuce, da yawansu ba su da jakar iskar da ke tare direba in an yi karo, ba su da birkin da ke hana taya ƙamewa. Wasu 'yan Kwatano ma sun taɓa yin hatsari a can, jakar ta fashe, aka liƙe wurin aka kawo mana. Wannan babban abu ne, kuma ba a sa masa farashi.

Sai dai a nan ma kada a yi wa rogo kallon kitse, domin sabunta ba ita ce kariya ba. A 2017 ƙungiyar Global NCAP tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu suka gwada ƙananan motoci biyar da ake sayarwa sababbi a can, ta hanyar buga su da shinge a gudun kilomita 64 a awa. Toyota Etios ta sami tauraro huɗu wajen kare manya, Chery QQ3 kuwa ba ta sami ko ɗaya ba. Duka biyun sababbi ne, duka biyun ƙanana. Saboda haka wanda zai saya don tsaron ransa, ya tambayi dillali jakar iska nawa ke cikin wannan da ke gabansa, ba wadda ke hoton talla ba, domin sau da yawa samfurin da ake kawowa Afirka an rage masa kaya. Ya kuma tuna cewa in mota mai nauyi da marar nauyi suka yi taho-mu-gama, marar nauyin ce ke shan mafi yawan bugun, hanyoyinmu kuwa cike suke da tirela da tanka.

Hujja ta biyu ita ce in amanar ta ƙare. Motar da tsatsa ta cinye ƙashin bayanta, ko wadda aka yi wa ringi sau biyu amma tana ci gaba da shan baƙin mai tana hayaƙi, ko wadda ta fara mutuwa a hanya ba sallama, wannan ta fita daga cikin wadda muke magana a kanta. A irin halin tsaron da wasu hanyoyin Arewa suka shiga a shekarun baya-bayan nan, mutuwar mota a daji bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne. Likitan da ake kira da tsakar dare, ko malamar da ke tuƙa kanta ita kaɗai zuwa makarantar bayan gari, lissafinsu ba irin na mai zuwa sakatariya ya ajiye mota a inuwa ba ne. Haka kuma mai yawan tafiya: wanda ke cin kilomita 50,000 a shekara, a misalinmu na ɗazu, rarar mansa za ta kai lita 1,875, watau ciko zai biya kansa cikin shekara takwas, ko ƙasa da haka in an haɗa da gyara. Shi kam yana da magana.

Tsakanin riƙewa da sayen sabuwa dal kuma akwai hanyoyi. Ana iya kashe wa tsohuwar kashi ɗaya cikin goma na wancan ciko, a sake mata tayoyi huɗu masu kyau da birki da shokasoba, a yi mata fenti, ta sake ba da shekara biyar. Ana iya juya ta zuwa iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta fara ƙarfafawa a 2023, in dai akwai gidan gas ɗin a garin da mutum yake, kuma ya yarda tukunyar ta cinye masa rabin but. Ana kuma iya sayen ƙarama wadda ta yi shekara huɗu ko biyar a hannun wani, wanda shi ya riga ya sha asarar sabunta.

Saura abin da ba mu cika son faɗa ba. Da yawanmu ba mai ne ke damunmu ba, idon mutane ne. Muna so a ga mun shigo unguwa da leda a kujera, surukai su ji labari. Ba mu ce wannan haramun ba ne, mai kuɗinsa ya more abinsa. Abin da muke roƙo kawai shi ne mutum ya kira abin da sunansa. In sha'awa ce, ya ce sha'awa ce, ya auna ko albashinsa zai ɗauke ta. Kada ya ce wa matarsa tattali yake yi, alhali kuwa kuɗin makarantar yara na shekara biyar ya kai wa banki.

Ga waɗanda ke cikin wannan shawara yanzu, muna ba su aikin gida. A sayi ɗan littafin rubutu a ajiye a cikin mota. Duk ranar da aka sha mai, a rubuta lita nawa da abin da agogon kilomita ya nuna. Duk abin da aka ba bakanike, ko na fulogi ne, a rubuta. A yi haka wata uku. Sa'an nan a kai motar wurin bakaniken da ba shi da wata mota da yake son sayar maka, a ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta, ya auna ƙarfin injin. Da wannan littafi da maganar bakaniken za a tafi shagon dillali, a nemi ya rubuta jimlar abin da za a biya tun daga ranar farko har ta ƙarshe, da inshora da rajista da sabis, ba abin da za a riƙa cirewa kowane wata kaɗai ba.