Mu Hau Dutse Mu Dubi Sama: Jawabi A Taron Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu, 'yan'uwa mazauna Uba, barkanmu da wannan zama.

Mu 'yan kasuwa ne, lissafinmu na buhu ne da mudu. Amma yau zancen sama muka kawo, a yi mana haƙuri. Iyayenmu da fatauci ya kawo su ƙasar nan, da taurari suke tafiyar dare. Sun san Zara, sun san Gamzaki mai fitowa gabanin asuba, sun san Kaza da 'Ya'yanta. A Islamiyya kuma an karantar da mu manzilolin wata 28. To, yau a tambayi yaro ina Gamzaki, sai ya zaro waya.

Kada wani ya ce duba muka zo koyarwa. A'a, duba daban, ilmin falaki daban, malamai ga su nan zaune. Falaki shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari, wanda da shi ake gane lokacin salla da alƙibla.

Abin da ya dame mu shi ne gardamar ganin wata. Kusan kowace shekara sai an yi ta a bakin kasuwa, wannan ya ce an gani, wancan ya ce atafau. Alhali kuwa wata yana cika zagayensa ne cikin kwana 29 da rabi, kuma jinjirin da bai kai wajen awa 15 da haihuwa ba, ido ba ya kama shi. Ga hazon hunturu, ga ƙurar gari. Mutum yana iya hango farin gajimare siriri ya rantse, ba don ƙarya ba. Sanarwa dai ta Sarkin Musulmi ce, amma shaidar da ke isa gare shi daga irinmu take tashi.

Wasu sun riga mu. A Habasha, wata ƙungiyar masu sha'awar ilmin sararin sama da aka kafa a 2004 ita ta ɗauko zance, har aka gina ɗakin hangen taurari a kan dutsen Entoto, bayan birnin Addis Ababa, tsayin mita 3,200, da manyan madubai biyu, kowanne faɗinsa mita guda. Dalilin hawa dutse kuwa, can sama ƙura ta ragu, hasken fitilun gari ba ya dushe taurari, kuma babu abin da ya tare yamma.

Mu ba gini muke nema ba. Duwatsu dai Allah Ya kewaye mu da su. Shawararmu, a yi karo-karo a sayi madubin hangen nesa ƙarami guda, ya zama kayan ƙungiya. Ran 29 ga kowane wata, ba azumi kaɗai ba, a hau kafin magariba da malami da ɗalibai, a rubuta abin da aka gani da wanda ba a gani ba. In abin ya zauna, makarantun Mubi ma a gayyace su.

Sai dai fa dutsen nan yana da masu shi. Mu baƙi ne, ko da a nan aka yanke mana cibiya. Sai mun fara gaida hakimi da dattawan Margi, 'ya'yansu su hau tare da namu. Kuma bayan abin da ya same mu a 2014, ba mai hawa dutse da almuru ba da sanin jami'an tsaro ba.

Ma'aji yana nan bakin ƙofa da littafi. Wassalam.