Uwar Shaihu Umar da Laifin da ta Ɗora wa Kanta

 

Littafin da zan yi magana a kai shi ne Shaihu Umar, wanda marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934. Labarin ya soma ne daga Kagara, nan cikin jiharmu ta Neja, zamanin da ake kai hari ƙasar Gwari ana kamo bayi. Mu da ke zaune a Kontagora ba sai an yi mana dogon bayani ba. Har zuwan Turawa a 1901, irin wannan hari ba baƙon abu ba ne a yankin nan.

Kowa Umar yake yabo, don ya zama malami. To, ni uwarsa ce ta tsaya mini a rai. An yi wa mijinta Makau sharri a fada, aka kore shi, ya koma Maƙarfi. Kafin ta bi shi sai ta ce bari ta je ta gano iyayenta, ta bar yaron hannun ƙawarta. Kafin ta dawo an sace shi.

Jama'a, wane alƙali zai kama ta da laifi? Zumunci ta je yi. Amma zuciyar uwa ba ta jin wannan hukunci. Ta bar ɗakin mijinta ta shiga duniya neman ɗa, aka yaudare ta a Kano, ita ma aka sayar da ita, aka ƙetare Sahara da ita. 'Ya mace ke nan, ta zama haja.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu. Mutumin kirki ne, wallahi. Amma me ke kawo shi Kano? Fatauci, har da na bayi. Makau ma ai da shi ake zuwa harin. Ban ga inda ɗayansu ya zauna ya tuhumi kansa ba. Wadda ba ta taɓa kama ɗan kowa ba, ita ta biya.

Allah ya haɗa ta da ɗanta can ƙasar Larabawa, ta gan shi ya girma, ya yi ilimi. Ba ta daɗe ba ta cika. Shi kuwa Umar ya dawo, ya zauna a Rauta yana karantar da almajirai.