Abin Karantawa Ga Mai Garka Da Mai Madafa Da Mai Amya

Shugabanni, malamai, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da suka taso daga Malbaza da Illela suka iske mu nan Birnin Ƙonni, sannunku da zuwa.

An ce in faɗi littattafan da ya kamata mai garka, da mai girki, da mai sana'ar hannu, da mai kiwon zuma su nema. Jerin nawa gajere ne, domin akasarin abin da aka rubuta kan waɗannan sana'o'i an rubuta shi ne da Faransanci ko Ingilishi, don wata ƙasa da wani yanayi. Littafin da ya ce a yi shuka idan sanyin hunturu ya wuce ba da mu yake ba. Mu sanyin muke jira, da shi albasa da alkama suke kyau.

In fara da garka, tunda ita ta ɗaga sunan yankin nan. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake cin ta, kuma filin noman rani na Ƙonni, wanda madatsun Zango da Mozage ke shayarwa daga ruwan Magiya, ya raya gidaje masu yawa. Ga manomin nan, abin da na fi ba da shawara shi ne takardun RECA, wato gamayyar majalisun manoma ta ƙasa. Gajeru ne, shafi kaɗan, a intanet suke kyauta, kuma da gonakin Nijar aka rubuta su: tsutsar tumatir, magungunan feshi da aka yarda da su da waɗanda aka hana, ajiyar albasa. Sai binciken INRAN, cibiyar nazarin aikin gona da aka kafa a 1975. Daga waje kuwa akwai jerin ƙananan littattafan Agrodok na ƙasar Holan, kuma na 9 a cikinsu kan garkar gida yake. Yana da amfani wajen takin gargajiya da tsara fangali, amma kada ku bi shi kan lokacin shuka.

Ajiya ita ce wurin da karatu yake biyan mai shi. Kowa a zauren nan ya san yadda farashin buhu yake faɗuwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire albasarsa, ya kuma san inda yake kaiwa bayan damina. Abin da takardun nan suke nanatawa shi ne ruɓewar da ake gani cikin rudu, wato rumbun albasa, tun a fangali take farawa. Wanda ya cika takin ure, ko ya ci gaba da ban ruwa har ranar cira, ya sami manyan kawuna masu ruwa da ba sa jure ajiya. A tsayar da ruwa tun kafin cira, a bar wuyan ya bushe. Tsofaffin manoman Galmi sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Amfanin takardar shi ne tana bayyana dalili, kuma saurayin da ya fahimci dalili ba ya saurin yarda da mai sayar da taki.

Kiwon zuma ba a cika ɗaukarsa sana'a ba a nan, alhali yana da alaƙa da albasar kai tsaye. Mai noman irin albasa yana buƙatar ƙwari su yi ta yawo kan furen kafin iri ya cika, kuma ƙudan zuma na gaba a cikinsu. Wanda ya yi feshi da rana tsaka lokacin fure, ma'aikatansa ya kashe. Littattafai biyu zan ambata: Agrodok na 32, wanda akwai shi da Faransanci, da na Stephen Adjare, mutumin Gana, wanda hukumar FAO ta buga a 1990. Dukansu sun bayyana akwatin nan mai sanduna a sama da aka fi sani da na Kenya. Kafinta na gari zai iya ƙera shi, in dai ya kiyaye faɗin kowace sanda, wajen milimita 32, domin ƙudan su gina saƙa ɗaya a kan sanda ɗaya. Da shi ana ɗibar zuma da ɗan hayaƙi a bar ƴaƴan, ba kamar yadda ake cinna wa amya wuta da dare ba. Kakin ma kuɗi ne, mu ne muke zubarwa.

Wanda ke son sanin itatuwa da ganyayenmu da sunayensu na Hausa, ya nemi aikin likita J. M. Dalziel: ƙamus ɗinsa na tsirrai na 1916, da babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma. Tsoho ne, kuma idon Bature ne, amma daga bakin Hausawa ya kwashe shi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma cike yake da kalmomin saƙa da jima da ƙira da yaranmu ba su taɓa ji ba. A kan zaman gida, labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda matan ƙasar Zazzau suke raba girki da sana'ar cikin gida. Ba littafin koyarwa ba ne, amma kowace uwargida za ta gane kanta a ciki.

Madafa kuwa, nan ne hannuna ya fi zama wayam. Littattafan girki da ke shigowa ta Illelar Najeriya daga Kano da Sakkwato sun fi karkata ga cincin da kek da abincin biki. Ba laifi ba ne, amma wa ya rubuta yadda ake gabu da ganyen albasa? Ko yadda ake shanya tumatir ba tare da ƙura da ƙuda ba, ko dambun zogale, ko ajiyar cuku? Wake ma sai da aka zo da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aiki a kansa tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, kafin maganar ajiyarsa ba tare da guba ba ta bazu.

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To, ga aiki ga malaman makaranta da na yaƙi da jahilci da ke nan. Kowane ɗalibi ya zauna da kakarsa ko da wani tsohon manomi, ya rubuta sana'a ɗaya da ma'auninta: tiya nawa, kwana nawa, wane wata. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Masu rediyon gari su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma karɓi gyara daga masu saurare, domin matar Badagishiri ba lalle ta yarda da ma'aunin matar Ƙonni ba. Wanda yake da tambaya, bismilla.