Abin da Na Gani a Bakin Teku

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Yunusa, sura 4.

Kwanan baya mun keɓe kwana 3 domin addu'a a bakin teku, kusa da Kwatano. Ran Asabar aka shiga da mu jirgin ruwa, mu ga manyan kifayen nan da suke zuwa haihuwa daga watan Agusta zuwa Nuwamba. Ni da na saba da gulbin Gagare, sai ga wata halitta mai tsawon tirela ta taso, ta fesar da numfashi, ta sāke nutsewa. Ashe ba kifi ba ce, iska take shaƙa, tana kuma ba ɗanta nono.

Nan Yunusa ya faɗo mini a rai. Ba tsoron Nineba ya sa ya gudu Yafa ba. Ya san Allah mai jinƙai ne, shi kuwa ba ya so a gafarta wa magabtan jama'arsa. Sai na tambayi kaina, yaushe rabona da yin addu'a domin mutanen dajin nan da suka hana mu noma, suka kwashe 'ya'yanmu? Kullum ina roƙon Allah ya tsare mu, amma ban taɓa roƙonsa ya kai su ga tuba ba.

Bari mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a dominsu yanzu.