Wa zai kara da Lula a zaɓen Brazil?

A watan Oktoban 2026 Brazil za ta zaɓi shugaban ƙasa, kuma masu ra'ayin mazan jiya na neman wanda zai fuskanci Shugaba Lula da Silva. Jagoransu Jair Bolsonaro ba zai tsaya ba, domin a 2023 kotun zaɓe ta haramta masa takara har zuwa 2030. A madadinsa an ambaci ɗansa Sanata Flávio, da Tarcísio de Freitas na São Paulo, da Ronaldo Caiado na Goiás, da Romeu Zema na Minas Gerais. A 2022 Lula ya yi nasara da ratar da ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, don haka kujerar na iya kuɓuce masa. Amma sunan gida irin na Bolsonaro ba ya cika tukunya. Duk mai son ƙuri'ar talaka, ya fito da shirinsa kan tsadar abinci da tsaro, ya kuma yi alkawarin amincewa da sakamakon zaɓe.