Mu Koya wa Ɗalibai Ganin Ginin Matani



Mu da muke koyar da Turanci a ajin ƙarshe na babbar sakandare, akwai wani ɗalibi da dukkanmu muka sani. Ba rago ba ne. Kusan kowace kalma ka nuna masa a shafi zai faɗa maka ma'anarta. Amma da zarar ka ce ya kawo maganar marubucin a jimla uku, sai ya kwafe layuka uku daga tsakiyar shafin ya miƙo maka. Ranar da sakamako ya fito, ga kiredit a lissafi da sauran darussa, Turanci kuwa ya tsaya a D7. Ƙofar jami'a ta rufu ke nan a wannan shekara, mahaifinsa kuma ya koma neman kuɗin sabuwar rajista.

Mu dubi yadda aka raba makin. Takarda ta biyu ta Turanci a jarrabawar WAEC awa biyu ce, makinta 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Wato rabin makin ya rataya ne ga iya karanta rubutun wani. Duk da haka, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin lokacinmu a kan tsarin wasiƙa da haddar nahawu yake ƙarewa. Matani kuwa, sai mu sa ɗalibi ɗaya ya karanta da ƙarfi, mu fassara kalmomi masu wuya, mu rubuta amsoshi a allo, a kaɗa ƙararrawa.

Matanin jarrabawa gini ne, kamar soro. Akwai ginshiƙin da ya ɗauki nauyi, akwai azara, akwai yaɓe da zanen bango. Tambayar taƙaitawa ginshiƙan take nema, ɗalibinmu kuwa zanen ne yake ɗaukar idonsa, domin shi ne mai daɗin karantawa.

A ce an kawo matani a kan gurgusowar hamada. Sakin layi na farko labarin wani dattijo ne da yake tuna kurmin da ke bayan garinsu. Na biyu ya ce sare itatuwa domin girki yana tsiraita ƙasa, ya bi da misalai. Na uku ya fara da cewa wasu suna ganin fari ne kaɗai sanadi, sa'annan a tsakiyarsa kalmar "however" ta faɗo, marubucin ya rushe wannan ra'ayi. Na huɗu ya yi maganar yawan kiwo a fili ɗaya da noman da ba ya barin gona ta huta. Na biyar ya kawo mafita. Aka ce a kawo dalilai uku, kowanne a jimla ɗaya. Ɗalibin da bai ga ginin ba zai saka dattijon a amsarsa, zai ɗauko ra'ayin da marubucin ya riga ya ƙi ya jingina masa, kuma ba zai lura ba cewa sakin layi na huɗu dalilai biyu ya ƙunsa. Bai jahilci kalma ko ɗaya ba, amma makin ya zube. Ga shi kuma kwafe jimla ɗungurungum ba ya kawo maki, cusa abin da ba a tambaya ba yana jawo ragi.

Abin da muke roƙon 'yan uwa su gwada ba ya bukatar sabon littafi. Kafin a taɓa tambaya ko ɗaya, ɗalibi ya rubuta aikin kowane sakin layi a gefensa da kalma guda: shimfiɗa, dalili, misali, ra'ayin wasu, raddi, mafita. Daga nan ya rufe shafin, ya faɗi maganar kowane saki da bakinsa. In ya kasa faɗa ba tare da leƙe ba, bai gane ba tukuna, kuma gara ya san haka a aji da ya sani a zauren jarrabawa. Wannan sabo yana da ƙarin amfani ga JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta: babu damar ja wa jimla layi, dole ginin ya zauna a ka.

To, a ina za a fara? A ganinmu, da Hausa. Yaron nan da muke cewa bai iya gane tsarin magana ba, in ya ji babansa ya ce "wai an ce", ya san baban bai ɗauki nauyin zancen ba. In ya ji "sai dai", ya san an kusa juya magana. In ya ji "alal misali", ya san abin da zai biyo baya ƙarin haske ne, ainihin zancen ya riga ya wuce. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba ya rikita labaran da aku yake bayarwa da dalilin da ya sa yake ba da su, wato ya tsare Musa ɗan sarki kada ya fita. Basirar tana nan a harshen uwa. Aikinmu shi ne mu nuna masa cewa "although" da "for instance" da "it is often claimed" irin wannan aiki suke yi a Turanci.

Nan ne muke da laifi mu malamai. Malamin Hausa yana koyar da auna fahimta, malamin Turanci yana koyar da ita a aji na gaba, ɗalibai ɗaya, amma ba su taɓa zama sun daidaita sunayen da suke kiran sassan matani ba. Wani lokaci ma har da ɗan kallon raini tsakanin sassan biyu, abin da bai dace da 'yan ƙungiya ɗaya ba.

Mun san uzurin, domin namu ne: aji cike maƙil, littattafan dubawa tuli guda, alli ma wani lokaci daga aljihunmu. Shi ya sa muka zaɓi dabarar da ɗalibai za su iya duba wa juna, biyu-biyu, malami yana zagawa. Iyayen da ke karanta wannan mujalla su ma suna da rawar takawa: a sa yaro ya saurari labaran rediyo da yamma, a tambaye shi mene ne batun, mene ne misalin.

Buƙatarmu ga shugabannin reshe guda ce. A rubuta wa shugabannin makarantu a nemi a ware darasi ɗaya kowane mako biyu, tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, wanda malamin Hausa da na Turanci za su shiga tare da matani biyu masu gini iri ɗaya. Mu malaman harsuna na wannan reshe mun ɗauki nauyin shirya matanin zango na farko, za kuma mu kawo su zama na gaba domin a duba.